Gadon Tsoho Marke da Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Da sunan Wanda ya ƙidaya taurari bai tsallake ko ɗaya ba, ya ƙidaya yashi bai gaji ba, ya raba kwanaki tsakanin bayinsa bai nemi shawarar kowa ba. Ku matso kusa, ku gyara zama, mai goro ya ɓare, mai tari ya yi tarinsa yanzu. Ni ne Cindo ɗan Barmo, wanda aka haifa da yatsu shida a kowane hannu. Abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, ƙafata ce ta taka. Inda na ƙara gishiri kuwa ɗan kaɗan ne, don miyar ta yi daɗi.

Tun ina ƙarami na lura da wani abu a gidanmu. Duk ranar da aka soya ƙosai aka ce yayarmu ta raba mana, in ya ƙi rabuwa daidai, abin da ya saura a bakinta yake ƙarewa. Na ce wa kaina lallai akwai ilimi a cikin saura, kuma mai wannan ilimi ba ya kwana da yunwa. Da na kawo ƙarfi sai na ji fatake suna labarin wata masaniyar hisabi, Malama Hansatu, wadda ke zaune a kan Dutsen Tsakuwa, can bayan ƙasashen da ake ambata. Na ɗaura bandar kifi a tsumma, na yi sallama da gida, na kama hanya.

Na ratsa fadamar da kwaɗinta ke naɗa rawani suna shari'a a kan ruwan sama. Na bi gefen kogin da ke hawa tudu da safe ya gangaro da yamma. Daga nan na iso wata gada ta igiya a kan rami mara ƙarshe, ga wata kura mai kai uku kwance a bakinta.

Kan tsakiya ya ce, "Kai mai tafiya, me ka kawo mana?"

Kan dama ya ce, "In bai kawo komai ba, ai ya kawo cinyoyi."

Kan hagu kuwa miyau kawai yake zubarwa.

Na durƙusa, na kwance tsummana, na jera kifi bakwai a ƙasa. Na ce, "Ranku ya daɗe, ga ɗan abin da ya samu. Kowa ya ɗauki bibbiyu. Na bakwai ɗin kuwa na babbanku ne, sai dai ni baƙo ne, ban san wane ne babba ba."

Kafin in rufe baki kan dama ya cafki kunnen na tsakiya, na hagu ya cafki wuyan na dama, duk da cewa kifin ciki ɗaya za shi. Na raɓa ta gefen wutsiyar na haye gada. Har na yi nisa ina jin kura tana zagin kanta.

Da na hau Dutsen Tsakuwa na tarar da Malama Hansatu zaune a kan buzu, tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai kaifin ido, ɗalibai kewaye da ita kowa da ƙwaryar tsakuwarsa. Ta tambaye ni yadda na wuce kura. Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta share hawaye.

Ta ce, "Ka yi aiki da gagararriya ba ka san sunanta ba. Zauna."

Ta ɗebi tsakuwa goma sha biyu ta jera su layi uku, ta rushe ta jera layi huɗu, ta rushe ta jera layi shida. Ta ce, "Ka ga wannan? Mai ladabi ce. Duk yadda ka juya ta sai ta bi ka." Sai ta ƙara tsakuwa ɗaya ta ce in jera. Na gwada layi biyu, ɗaya ta yi saura. Na gwada uku, na gwada huɗu, biyar, shida, kullum sai wata ta tsaya a gefe tana kallona.

Ta ce, "Wannan ita ce gagararriya. Hanya biyu kaɗai take yarda a raba ta: ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutane adadinta kowa ya ɗauki ɗai-ɗai. Ban da haka ba ta jin lallashi, ba ta jin bulala."

A wajenta na koyi cewa gagararru ma dangi-dangi ne, kamar mutane. Akwai tagwaye, waɗanda lamba ɗaya ce rak a tsakaninsu, kamar goma sha ɗaya da goma sha uku. Akwai 'yan gidan ninki: ka riƙa ninka biyu, ka cire ɗaya, sai ka samu uku, bakwai, talatin da ɗaya, ɗari da ashirin da bakwai. Akwai kuma wasu 'yan sarauta, waɗanda in ka shimfiɗa su sai su cika fili mai kusurwa huɗu, tsawo da faɗi daidai, ɗaya ta rage a waje kamar mai gadi: biyar, goma sha bakwai, ɗari biyu da hamsin da bakwai. Ta ja mana kunne cewa a kowane gida akwai masu shigar burtu, kada mu yarda da lamba don ta yi kama da danginta.

To, akwai wani babban ɗalibi, Maikano, mai tafiya yana ɗaga haɓa, wanda ya saba kwashe binciken ƙanana ya kai gaban Malama da sunansa. Wata rana na zauna inda na san zai wuce, ina magana da kaina da ɗan ƙarfi: "Dubu biyu da arba'in da bakwai! Sabuwar 'yar gidan ninki! Kai, bari in ɓoye kada wani ya riga ni." Washegari Maikano ya sa babbar riga, ya tsaya gaban taro, ya sanar da gagararriyar da Allah ya buɗe masa. Malama ta tashi daga kan buzu. Ta sa aka jera tsakuwa layi ashirin da uku, kowane layi tamanin da tara. Ko ɗaya ba ta saura ba. Maikano ya tsaya yana kallon ƙasa, rigar ta yi masa nauyi.

Malama ta waiwayo ta dube ni. Ta ce, "Cindo, wannan da yatsanka na shida a ciki."

Horon da ta yi mini shi ne ta kai ni farfajiyar bayan makaranta, wadda aka shimfiɗe da tsakuwa, ɗari biyu da hamsin da shida a tsawo, ɗari biyu da hamsin da shida a faɗi, ga wata farar tsakuwa guda zaune a gefe ita kaɗai. Ta ce, "Duka-duka dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da bakwai ke nan. Ita ce babba a cikin 'yan sarautar da muka sani. Ka tabbatar mini da hannunka cewa ba ta rabuwa. In ka gama, ka ƙara tsakuwa biyu ka sake."

Na ce, "Haba Malama, ai sai in tsufa a nan!"

Ta ce, "Sakarai. In lamba za ta jeru layi-layi, dole gefe ɗaya ya zama gajere, gajeren kuwa ba zai wuce gefen wannan filin ba. In ka kai can ba ta rabu ba, ba za ta rabu ba har abada."

Na sha rana a farfajiyar nan har fatar wuyana ta saɓule. Ta farko ta ƙi rabuwa. Na ƙara biyu, ita ma ta ƙi. Ashe tagwaye ne. Da na kai mata labari ta gyaɗa kai ta ce, "Abin da nake da shi ka samu. Abin da ya rage maka hankali ne, shi kuwa ba a ajiye shi a ƙwarya. Tashi ka tafi kafin Maikano ya fasa maka kai."

Na gangaro ta ɗaya gefen dutsen, na yi ta tafiya har na shiga ƙasar Samudawa, inda sawun ƙafa ɗaya ke zama tafki in an yi ruwa. Wata safiya na hango wani birni mai doguwar ganuwa. A kan ƙofarsa akwai tsuntsun tagulla, ƙofar kuwa a buɗe take, amma ba mai fita. Daga ciki kuka ne ke tashi kamar garin da aka yi wa rasuwa a kowane gida.

Wata dattijuwa ta tsaya daga cikin ƙofa tana yafato ni. Ta ce, "Ɗan nan, don Allah tsinko mini ganyen can mai jan fure a gindin ganuwa, ka jefo mini. Ni ce Iya Tabawa, ungozoma. Ina da mai naƙuda, kuma cikin nata ya yi girman da ba na zaton mutum ɗaya ne a ciki. Amma kada ka kuskura ka shigo."

Na tsinko ganyen na ce, "Iya, me ya sami garin naku?"

Ta ce, "Nan Inuwar Marke ce. Tsoho Marke Basamude ne, shi ya gina ganuwar nan, duk wanda yaƙi ko yunwa ta koro ya karɓe shi. Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu, kowa da dutsensa can nesa. Yau aka tashi daga zaman makoki, yau za su raba mu gado. Tun asuba suka ware mu kashi huɗu. Yarinyar da ke naƙuda, Lantana, an ba babban, mijinta an ba autan. Ko fuskar abin da za ta haifa ba zai gani ba."

"Ba wanda ya gudu?"

"Wasiyyar tsohon ta ɗaure ƙofar. Abin da ke cikin ganuwa gado ne, ba ya fita, ba a kashe shi, ba a gutsure shi, sai an raba daidai ba saura. Su ma ta ɗaure su: in rana ta faɗi yau ba su raba ba, duwatsu za su zama. Sai dai ina amfanin wannan, tunda mun rabu cif?"

Tana rufe baki tsuntsun tagulla ya buɗe nasa, ya yi kira da murya kamar ana buga ƙarfe: "Dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da shida!"

Jama'a, kun san ƙaiƙayin da ke kama tafin hannu in mutum ya ga tuwo ba mai shi kusa? Shi ya kama ni tun daga kai har ƙafa. Farfajiyar Malama ce sak, farar tsakuwar gefe kawai ta rasa.

Na ce, "Iya, tsuntsun nan yana ƙirga baƙo?"

"Duk wanda ya shigo da ƙafarsa da son ransa. Wanda aka jefo ba ya ƙirga shi."

Na ce, "To karɓi ganyenki hannu da hannu." Na ɗaga ƙafa na tsallaka.

"Dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da bakwai!"

Iya Tabawa ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, mahaukaci na aika!" Ta fizge ganyen ta ruga.

Na nufi dandalin tsakiyar gari. Ga mutane kashi huɗu tsaye da ƙunshin kayansu, ga Samudawa huɗu zaune a kan ganuwa kamar mu a kan dakali. Babbansu, Gundumi, ya riga ya ɗaga sandar ubansu zai buga ta a ƙasa don rufe rabo, kiran tsuntsu ya tsayar da shi. Na je tsakiyar fili, inda ba na cikin kowane kashi, na zauna na miƙe ƙafafu.

Gundumi ya sunkuyo, numfashinsa ya kusa cire mini hula. Ya ce, "Wannan ƙwaron na wane ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na zo ji ke nan. An ce ana rabon gado, na ce bari in zo a raba da ni."

Ya ɗaga babban yatsa zai murƙushe ni. Autansu, Sululu, siriri mai ƙananan idanu, wanda daga gani shi ne mai wayon gidan, ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Yaya, ba a kashe gado. Ka manta?"

"To a jefar da shi waje!"

"Ba ya fita."

"To a ba wani!"

Na tsakiya biyu suka ce a tare, "A ba ni!" Sai kuma suka harari juna.

Sululu ya ce su kwantar da hankali, wasiyya ta yarda wani ya janye, ta kuma yarda a ƙara masu karɓa daga zuriyar tsohon. Ya ɗaga kai ya tambayi tsuntsu, "In an raba uku fa?"

"Saura biyu!"

"Biyu?"

"Saura ɗaya!"

Suka yi kururuwa, jikoki suka fara ɓullowa daga bayan duwatsu, ƙasa tana girgiza. Aka gwada biyar, saura biyu. Aka gwada bakwai, saura uku. Aka gwada takwas, aka gwada goma sha shida, saura ɗaya, kuma kowa ya san ɗayan nan wane ne, don ina zaune ina ɗaga musu hannu. Wata mai tallan gyaɗa ta miƙo mini kaɗan daga cikin ƙunshinta, na riƙa ɓarewa ina ba su shawara.

Na ce, "Ranku ya daɗe, kada ku karaya. Ku ci gaba a jere, ɗaya bayan ɗaya. Lamba ce fa, ina za ta?"

Ban gaya musu inda ake tsayawa ba. Ai ba su tambaye ni ba.

Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Muryar Sululu ta dishe. Da na ga sun fara gajiya sai na tashi na kaɗe riga na ce, "Gaskiya akwai wata hanya mai sauƙi. Lambar nan tana yarda mutum ɗaya ya kwashe duka. Sai ukunku su janye su bar wa wanda tsohon ya fi so."

Ban taɓa ganin dambe irin na wannan rana ba. Gundumi ya ce shi ne babba. Na biyu ya ce shi ya yi jinya. Na uku bai kawo hujja ba, kai kawai ya kai wa na biyu. Hasumiya guda ta rushe, tsuntsayen garin duk suka watse. Mutanen da suka wuni suna kuka na ga sun fara rufe baki da gefen mayafi suna ɓoye dariya.

Ana cikin haka tsuntsun tagulla ya buɗe baki.

"Dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da takwas!"

Gyaɗar da ke bakina ta maƙale. Lantana ta haihu. Ina can ina jin daɗin kaina, na manta cewa a gari ana haihuwa.

Sululu ya saki wuyan ɗan'uwansa. Ya ce, "Tsuntsu, in an raba uku?"

"Ba saura!"

Wani saurayi a kashin autan, wanda na gane mijin Lantana ne, ya zube ƙasa ya rufe fuska: an yi masa haihuwa, haihuwar kuma ita ta sayar da garin.

Sululu ya yi magana da sauri. Ya ce, "Ni na janye. Ku ba ni garken giwayen Baba, ku uku ku raba mutanen. Yaya, buga sanda!"

Gundumi ya ɗaga sanda. Ba ni da komai a hannu sai maganar da Iya Tabawa ta yi a bakin ƙofa, cewa cikin ya yi girma. Na daka tsalle na yi ihu iya ƙarfina.

"Kai! Haka ake rufe gadon babban mutum a ƙasarku, kamar ana rufe tukunya? A garinmu ko gadon akuya za a raba sai an yi wa mamaci kirarinsa, an karanto wasiyyarsa daga farko har ƙarshe. Ko dai babban ɗan bai haddace ba ne?"

Sululu ya ce, "Yaya, rabu da shi, jan lokaci yake!"

Amma na riga na taɓa Gundumi inda yake masa ciwo. Ya sauke sanda, ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji. Ya fara: "Marke mai inuwar kwana arba'in! Marke da ya sha kogi ya ce a ƙaro! Marke uban duk wanda ya shigo da ƙafarsa!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ji na tsakiyar ba, iska ta ɗauke."

Ya maimaita. Na ce wani tsoho a baya ya ce an tsallake baiti. Ya koma farko. Kunnena ɗaya yana wajen Gundumi, ɗaya yana kan ƙofa. Ya gama kirari ya shiga wasiyya: "Garin nan a raba shi daidai tsakanin 'ya'yana, wanda ya so ya karɓa, wanda bai so ba ya yafe." Ya kai ƙarshe. Na buɗe baki in ƙirƙiro wata al'adar garinmu, na rasa. Sanda ta tashi sama.

"Dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da tara!"

Daga wani lungu guɗa ta tashi, muryar Iya Tabawa a kan gaba: "Tagwaye! Tagwaye ne!"

Sululu ya ce, "Uku?"

"Saura ɗaya!"

"Huɗu?"

"Saura uku!"

Na koma na zauna. Na ce, "Ranku ya daɗe, kada ku wahalar da tsuntsun nan. Wannan 'yar'uwar ta ɗazu ce, ciki ɗaya suka fito. Na san su tun suna tsakuwa. Halinsu ɗaya."

Lokacin rana ta yi ja, ta sauko kan bishiyoyi. Na uku ya yi ƙara ya ce ba ya jin yatsun ƙafarsa. Muka duba, sun zama dutse, toka-toka, har da gansakuka. Abin ya fara hawa idon sawun Gundumi. Jikokin da aka kira suka ga haka, kowa ya tuna yana da aiki a gida.

Sululu ya sunkuyo har haɓarsa ta taɓa ƙasa. Ya ce a hankali, "Kai ɗan mutum. Ka ce hanya ɗaya ita ce ɗaya ya kwashe duka, wannan kuwa ko za mu mutu ba za mu yarda ba. Yadda kake murmushin nan, akwai ta biyu."

Na ce, "Akwai. A samo magada adadin mutanen, kowa ya ɗauki ɗai-ɗai."

"Ina za mu samo 'ya'yan Baba dubu sittin da biyar kafin magariba?"

"Yayanku ya faɗa da bakinsa, har sau uku, don na sa ya maimaita. Marke uban wa?"

Wata tsohuwa daga cikin taro ta ce, "Wallahi bai taɓa kirana da sunana ba, sai 'yata." Wani makaho ya ce, "Ni ma ɗana yake ce mini." Magana ta bi dandali kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Gundumi ya ce, "Kirari ne kawai!"

Na ce, "A tambayi tsuntsu, ai shi ba ya kirari."

Sululu ya ɗaga kai da ƙyar, don dutse ya kai masa gwiwa. Ya ce, "Tsuntsu, 'ya'yan Marke nawa ne?"

"Dubu sittin da biyar da ɗari biyar da arba'in da uku!"

Na ce, "Kun ji. Mu duka, da ku huɗu. In ku huɗun kuka yafe, magada sun yi daidai da gado, kowa ya ɗauki mutum ɗaya. Don kada a sha wahalar ɗauka kuwa, kowa ya ɗauki wanda ya fi kusa da shi, wato kansa."

Gundumi ya dubi rana, saura ƙiris ta nutse. Ya dubi cinyoyinsa. Ya ce, "Na yafe," kamar ana cire masa haƙori. Na biyu ya yafe, na uku ya yafe yana kuka. Sululu ya daɗe yana kallona kafin ya ce nasa. Sanda ta bugi ƙasa.

"Ba saura!" in ji tsuntsu.

Kashi huɗu suka rushe suka zama gari ɗaya. Mijin Lantana ya wuce ni a guje, ko takalmi babu, yana tambayar kowa wace hanya ce gidansa, gidan da aka haife shi a ciki. Mata suna kwance ƙunshin kaya a tsakiyar titi. Iya Tabawa ta zo ta kama kunnena ta murɗa, sannan ta cusa mini ƙullin dambu a hannu ta ce, "Allah ya shirye ka, ɗan nan, amma ba yau ba."

Wani tsoho mai sanda ya ja rigata. Ya ce, "Kai ne mai rabon? To ni an cuce ni. Wanda aka ba ni ba shi da haƙori ko ɗaya, ga ciwon baya, ga mantuwa. Ba a musanya?"

Na ce, "Baba, sanda ta riga ta bugi ƙasa. Sai haƙuri."

Ina cikin dariya inuwa ta rufe ni. Sululu ne. Ya ce, "Ɗan mutum, ka san yanzu kai ba gado ba ne? Wasiyya ta daina kare ka."

Na dubi ƙafafunsa. Dutsen yana narkewa, amma daga sama yake saukowa, bai wuce ƙwauri ba tukuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma lissafin da nake yi ke nan."

Ban tsaya sallama da kowa ba. Na bi ta ƙarƙashin tsuntsun tagulla a guje, ya rage ɗaya daga ƙidayarsa, na shige dajin da bishiyoyinsa suka yi wa Basamude ƙanƙanta. Sai da na daina jin ƙasa tana girgiza a bayana na zauna a gindin wata kuka, na buɗe dambun Iya Tabawa, na ce bari dai in duba abin da na gada daga Tsoho Marke. Na dube shi sama da ƙasa: ga shi ramamme, ga tsokana, ga ƙafar yawo, rigarsa duk ɓawon gyaɗa. Na ce masa, "To, kai aka ba ni, ba kuma a musanya." Muka cinye dambun tare, muka tashi muka nufi gabas.